In fenti ya toshe ramin noti na keke

Bayan an sayar da albasa, manoma da yawa a Galmi, Malbaza, Illela da Birnin Ƙwanni suna gyara kekunansu. Wasu su sa sabuwar taya, wasu su shafa fenti. Fenti yana da amfani, yana hana ƙarfe yin tsatsa. Amma akwai wata ɓarna da yake yi a ɓoye.

A jikin keke, kusa da ƙafar baya, akwai ƙananan ramu. A nan ake ɗaure kariya, wato wurin ɗora kaya. Faɗin ramin yawanci milimita 5 ne. Cikinsa akwai ƙananan haƙora masu murɗi, su ne ke riƙe noti. In fenti ya shiga ya bushe, sai noti ya ƙi shiga.

Mai gaggawa sai ya ɗauki sufana ya murɗa da ƙarfi. Haƙoran su lalace, ko notin ya karye ciki. Daga nan sai ɗauri da waya. Ran kasuwa, an ɗora buhun albasa, waya ta tsinke bisa hanya. Kaya su zube, wata sa'a mai keken ma ya ji ciwo.

Ga yadda ake buɗe ramin ba tare da ɓarna ba:

1. A kankare fentin bakin ramin da tsinin wuƙa, a hankali.

2. A ɗiga kananzir kaɗan ciki, a bar shi ya jima.

3. A nemi tsohon noti mai ƙwari, daidai da ramin. A tsaga shi a tsaye da zarton ƙarfe, tsaga guda. Cikin tsagar nan ne fentin zai taru.

4. A fara murɗa shi da yatsu, ba da sufana ba. A lura ya shiga a miƙe, kada ya karkace.

5. A murɗa gaba kaɗan, a koma baya kaɗan. A fid da shi, a goge da tsumma, a sake. Haka har ya shige.

6. Kafin a sa sabon noti, a shafa mashi giris ko ɗigon mai.

In notin ya cije ya ƙi motsi, a tsaya. A kai keken wurin mai gyara. Wasu suna da ƙarfe na musamman mai share haƙoran rami.

Wanda bai shafa fenti ba tukuna, aikinsa ya fi sauƙi. Sai ya sa tsofaffin noti cikin ramukan kafin ya fara. In fenti ya bushe, ya kwance su. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa mai keke wannan bayani.