Bikin Ɗakin Karatu: Ina Ruwan Mutumin Dangoma?

A shekarar 2024 ne Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya cika shekara 60 da kafuwa. Dokar da ta haife shi ta fito a 1964, aka buɗe ƙofarsa a Legas cikin Nuwamba na shekarar, tun Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Cikar shekarun ta zo ta wuce, katafaren ginin hedikwatarsa da aka ba da kwangilarsa a Abuja tun 2006 yana tsaye ba a gama ba. Da za ka tare manomin shinkafa a fadamar Kalgo, ko ɗalibar sakandare a Dangoma, duk a Jihar Kebbi, ka tambaye su ko sun ji labari, da wuya ka sami mai cewa e. Ba su yi laifi ba. Mutum yakan taya murnar abin da ya taɓa amfanarsa ne.

Amfanin kuwa yana nan, sai dai a ɓoye yake. Dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya kai wa wannan hukuma kwafi 3, gwamnatin jiha ta kai 10, ta tarayya 25, don kada abin da aka rubuta a ƙasar nan ya ɓace. Ita ce kuma ke ba littafi lambar shaidarsa ta duniya. Wannan aikin ajiya ne. Ɗakin karatu na jama'a aikinsa dabam: ya buɗe ƙofa, kowa ya shigo ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba, ya zauna ya karanta, ko ya ara ya tafi gida ya dawo da shi. A garuruwan da irin wannan ɗaki ya yi saiwa, bikin cikarsa shekara 50 ko 100 na iyalai ne. Iyaye kan zo da 'ya'yansu a karanta musu labari, tsofaffi su ba da tarihin unguwa, a baje tsofaffin hotuna, a yafe wa waɗanda suka makara da mayar da littafi tararsu. Jama'a kan cika wurin ne domin kowa yana da littafin da ya taɓa ara a can.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka yarda cewa wannan al'adar Turawa ce, mu 'yan kallo ne. Wanda ya san tarihin ƙasar Gwandu ba zai yarda ba.

Cikin watan Mayu na 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Malam Abdullahi, mutum ne mai gudun duniya, bai yarda sun haɗu ba. Amma wani malamin garin ya ara wa baƙon wani kundi, sai ga shi Tarikhus Sudan ne, tarihin daular Songhai da birnin Tumbutu wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta wajen 1655. Barth ya duƙufa kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya, har ya yi zaton Ahmad Baba, malamin Tumbutu, ne mawallafin. Ta hanyar wannan aro ne masanan Turai suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa, kuma sai a ƙarshen ƙarnin aka buga shi cikakke a birnin Paris. A duba abin da kyau. Littafin da aka rubuta a bakin Kogin Kwara can sama, tafiyar makonni, ya kwana kusan shekara ɗari biyu yana bin hannun makwafa har ya iso Gwandu, kuma mai shi bai ji ƙyashin miƙa wa baƙon da ba addininsu ɗaya ba.

Wannan ba gamon katar ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daular Sakkwato kuma hubbarensa ke Gwandu, mutum ne da littafi ya fi masa sarauta daɗi. A Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam wajen 1806, lokacin da ya bar gida da niyyar Gabas saboda abin da ya gani na son duniya a cikin jama'a, mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa da tarihin da ke tattare da su a Tazyinul Waraƙat. Bayan shekara biyu zuwa uku ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'wil, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Da ya ga ya yi wa masu ƙaramin karatu nauyi, sai ya yi musu wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan. Wannan tunanin mai ɗakin karatu ne tsantsa: a kai wa kowa daidai abin da zai iya ɗauka. A Ida'un Nusukh kuma ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, jerin da in ka bi shi za ka ga irin littattafan nahawu da fiƙihu da luga da ke yawo a ƙauyukan Gobir da Zamfara tun kafin jihadi.

Ta yaya suke yawo, babu injin buga littafi? Da aro da kwafa. Takarda daga Italiya take zuwa ta Tarabulus a bayan raƙuma, mai tambarin jinjirin wata uku a jikinta, kuma da tsada. Tawada a gida ake dafa ta, alƙalami na kara ne. Ba a ɗinke littafi, warƙa-warƙa ake barinsa cikin bangon fata, a saka a gafaka a rataye. Wannan ya sa malami zai iya raba littafi ɗaya ga almajirai da yawa, kowa ya kwafi rabonsa, su yi musaya. Wanda ya gama kwafa yakan rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'ar mai karatu. A Sakkwato ma haka abin yake. Da wani Bature matafiyi, Clapperton, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littattafan Larabci a zuwansa na biyu, har da na lissafin Iƙlidis, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa da aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Nana Asma'u kuwa ba ta jira matan ƙauye su zo birni ba. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, suna ɗaukar karatun cikin waƙa suna kai wa matan da ake kira 'yan taru har inda suke.

Kada dai a zuzuta. Wannan tsari yana da iyaka. Littattafan mallakar gidajen malamai ne, mai alaƙa da gidan ko almajirin da aka amince da shi ne ke kaiwa gare su. Talakan da bai yi zurfi a Larabci ba sai dai ya saurara. Idan malami ya rasu kuma akan raba littattafansa cikin gado kamar sauran kaya, wani lokaci littafi ɗaya ya rabu gida uku. Abin da ɗakin karatu na jama'a ya zo da shi sabo shi ne cire sharaɗin sanayya, da kuma hana littafi mutuwa da mutuwar mai shi.

Sai dai da ya zo mana, ta bayan gida ya shigo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Turawan mulki suka sa hukumomin En'e buɗe ƙananan ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, babbar manufar kuwa a yaɗa labarin yaƙi yadda Ingila ke so a ji shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce abin da ya fi jan mutane. Sauran kayan galibi na Turanci ne, a garin da masu jin Turanci ba su taka kara sun karya ba, masu kula da ɗakunan kuma ba a horar da su ba, suna ganin aikinsu shi ne kada littafi ya ɓata, don haka kabad ya fi zama a kulle. A 1952 aka kafa ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna don ya riƙa tallafa musu. Zamanin Yaƙi da Jahilci ya ɗan kawo sauƙi, da hukumar NORLA ta Zariya ta shiga buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa. NORLA ta rufe a 1959. Abin da ya rage a zukatan mutane shi ne ɗakin karatu wurin 'yan boko ne, inda ɗalibi ke zuwa da littafinsa na kansa ya yi shirin jarrabawa don gida da hayaniya.

Amma a ce Bahaushe ba ya karatu, wannan ƙarya ce da ake maimaitawa har ta zama kamar gaskiya. Daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwanni, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni, matan aure suna aika yara da 'yan kuɗi kaɗan a karɓo musu na ɗaya, gobe a mayar a karɓo na biyu. Babu gwamnatin da ta sa sisi. Yau labaran sun koma waya, ana bin su a WhatsApp. Haka musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta faro a 1986 take cika fili da iyalai, haka zauren tafsiri ke cika cikin azumi. Masu karatu suna nan. Ɗakin ne bai ajiye abin da suke karantawa ba, bai kuma buɗe a lokacin da suke da sarari ba.

Yanzu littafi ya matso ƙofar gida. Jihar Kebbi ta samu a 1991, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 mazauninta na dindindin yana ƙasar Kalgo, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Kowacce da laburarenta. To amma laburaren makaranta na ɗalibanta ne da malamanta. Yaron da ke aji huɗu a firamaren Dangoma, da mahaifiyarsa da ta iya karatun ajami, da makiyayin da ke son sanin alamun ciwon huhu na shanu, ba don su aka gina shi ba.

Ga wata dama tana tafe. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, ke nan a 2029 zai cika shekara 200 da rasuwa. An yi bikin cikar daular Sakkwato shekara 200 a 2004, kuma mutanen Kebbi ba sa bukatar a koya musu shirya taro, duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya sani. Tsorona kawai kada a tashi da hawan dawaki da laccar farfesoshi a babban ɗakin taro, a watse. Mutumin da ya bar gommai na littattafai, abin da ya dace da shi a buɗe ɗakunan karatu da sunansa a Gwandu da Kalgo da garuruwan da ke kewaye, ko da aji ɗaya ne aka ware a makarantar firamare.

Ba sai an jira katafaren gini ba, darasin Abuja ya isa. Ɗaki mai rufin da ba ya yoyo, tabarmi da benci, fitilar sola da wurin cajin waya, da mutum ɗaya mai albashi wanda ya san aikinsa bayar da aro ne. A zuba littattafan Hausa da na Fulatanci da na Larabci da ajami tare da na boko, har da na noma da kiwo da lafiyar mata da yara. A ware wa mata yini nasu da mace mai kula, in ba haka ba rabin gari ba zai taka wurin ba. A buɗe da yamma bayan an taso daga gona, da ranakun Alhamis da Juma'a da makarantun allo ke hutu. Littafi zai ɓata, wasu za su yage. Wannan kuɗin aiki ne, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Sashen da ya fi gaggawa shi ne na tsofaffin kundaye. Akwai tarin rubuce-rubucen hannu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, amma wasu da yawa suna nan cikin akwatuna da buhuna a gidajen zuriyar malamai, gara da ɗanshi suna ci, ga ambaliya irin ta 2020 da ta shafe gonaki da gidaje a Kebbi. Masu su suna da hujjar ƙin fito da su, domin an sha karɓar littafi da sunan bincike bai dawo ba. Maganin wannan a yau mai sauƙi ne: a je har zauren mai littafi da kyamara, a ɗauki hoton kowace warƙa a gabansa, a rubuta sunan littafin da na gidan da ya fito, a bar masa abinsa tare da kwafin hotunan. Ranar bikin sai a gayyaci gidajen su baje abin da suka yarda a gani, jikan mai kundin ya karanta shafi ɗaya, malami ya fassara wa yara da Hausa. Ɗaliban Larabci da na tarihi na jami'ar da ke Kalgo za su iya ɗaukar aikin hoton a matsayin aikin kammala karatunsu, in masarautar Gwandu ta yi musu iso wurin masu gidajen.