A Bar Jadawali Ya Faɗi Sunayen Gurabensa

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da 'Yargalma. Kula da waɗanda suka rayu kuwa sai da rajista: sunan yaro, ƙauyensu, shekarunsa, da yawan dalmar da ke jininsa. A rumbun bayanai na kwamfuta, irin wannan rajista ake kira jadawali, kowane gurbi da sunansa.

To, a ce likita ya ƙara gurbin awo na biyu. Idan mai rubuta manhaja da hannu ya jera sunayen gurabe, manhajar ba za ta san da sabon ba. Sai rahoto ya fita babu awon da zai nuna yaron da ke bukatar magani.

Mafita ita ce a tambayi jadawalin kansa. A Ruby on Rails, watau tsarin gina manhajojin intanet da ya fito a 2004, umarnin column_names kan karanto sunayen duka daga rumbun, har da sabon gurbin. Ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.