TUKWANEN ƘARFEN DA ƘURA KE GAGARA

Mutanen Suleja, a gindin Dutsen Zuma, inda Ladi Kwali ta shahara da ginin tukwane, sun san cewa 'yar tsaga guda takan ɓata aikin kwanaki. To, masana kimiyya ma suna da nasu tukwanen, waɗanda suka fi na yumɓu wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Tukwanen nan na wani ƙarfe ne mai suna niyobiyam. Akan haɗa guda tara a jere, tsawonsu kamar mita ɗaya, a cika su da igiyar rediyo mai ƙarfi, wadda ke ingiza ƙananan ƙwayoyin lantarki har gudunsu ya kusa na haske. A birnin Hambug na Jamus akwai na'urar da ta soma aiki a 2017 da irin wannan jeri har 768, ana binciken ƙwayoyin halitta da ita.

Dalilin zaɓen ƙarfen kuwa shi ne, in sanyinsa ya kai digiri 264 ƙasa da sifiri, lantarki kan ratsa shi kusan ba tare da cikas ba. Amma nan wahalar take. Tilas a tsoma tukwanen cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 271 ƙasa da sifiri. In ƙwayar ƙura ɗaya ta maƙale a ciki, ko wuri ya yi kaushi, sai wurin ya ɗau zafi, aikin ya tsaya nan take. Saboda haka akan goge cikinsu da asid, a ɗauraye da tataccen ruwa, a gasa su a zafin digiri 800 domin korar iskar haidurojin, sa'an nan a harhaɗa su cikin ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Abin lura ga Nijeriya shi ne, ɗaya daga cikin ma'adinan da ake samun niyobiyam a cikinsu shi ne kolombayit, wanda ake haƙowa tare da kuza a Jos. A shekarun 1950 ƙasar nan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi; yanzu kuwa Barazil ce kan gaba wajen samar da niyobiyam. Ɗanyensa aka riƙa lodawa zuwa waje, alhali kuwa tsadarsa tana wajen tacewa da gogewa, kuma ilmin wannan aiki ne ya kamata jami'o'inmu su nema.