Sunayen Maye a Bakin Rumawa da Hausawa

Duk al'ummar da ta daɗe da sanin wani abu takan tara masa sunaye. Haka Rumawan da suka yi wa maye a harshensu na Latin, kuma akwai abin lura a cikin yadda suka rarrabe su.

Wanda giya ta kama a yanzu suna ce masa ebrius, wanda kuwa sha ya zame masa jiki shi ne ebriosus. Masanin nan Seneka, wanda ya rasu a shekara ta 65 Miladiyya, ya yi bayanin wannan bambanci a wata wasiƙarsa. Mai cikakken hankali sobrius ne, ciwon kan da ke biyo bayan sha kuma crapula. Kalmar da Turawa ke kiran maye da ita a asibiti ta samo asali daga toxicum, wato dafi, wanda tun farko Girkawa suka sanya wa dafin da ake shafa wa kibiya. Mutanen Kibiya da Nariya da Rano, jikokin maharba da manoma, ba sa bukatar a gaya musu aikin dafi.

Bahaushe ma ya yi irin wannan rarrabewa. Bugagge daban, mashayi daban. Ya ce mutum ya bugu, kamar an sa masa kulki. Idan ya soma tangaɗi sai a ce ya yi marisa, in abin ya kai maƙura a ce ya yi mankas. Ya san burkutu na dawa, ya san bammi, ya san barasa. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da ke yabon mai shi.

Abin damuwa shi ne sunayen zamani. Ƙwaya da sholisho da maganin tari ba su da nauyi a kunne, har yaro ya ce ya “caje”, tamkar batir. Amma sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NDLEA a 1989, ta kuma hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Saboda haka ya kamata malamai da ma'aikatan lafiya da alƙalai su riƙe bambancin nan. Wanda ya bugu sau ɗaya nasiha yake bukata tun da wuri; mashayi kuwa majinyaci ne, magani yake nema. Idan aka haɗa su a suna guda, sai a kuskure wa kowannensu hanyar gyara. Allah ya kare mana zuriya.