WUSASA: Ikilisiyar Da Ta Haifi Likitoci Da Shugaban Ƙasa

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya doshi Zariya, kafin ya kai ga ganuwar birni zai hangi duwatsun Kufena da na Wusasa ta wajen yamma. A gindin waɗannan duwatsu ne garin Wusasa yake, kuma a tsakiyarsa akwai wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da bakan gizo, wanda baƙo zai ɗauka zauren wani basarake ne. To, ba zaure ba ne, majami'ar St. Bartholomew ce ta ɗariƙar Anglikan, wadda maginan Hausa suka gina da tubali da azara a 1929.

Asalin wannan ikilisiya yana komawa ga wani Bature likita, Walter Miller, na ƙungiyar mishan ta CMS. Yana cikin ayarin da ya yi yunƙurin zama a Kano a 1900 amma aka sallame su. Daga baya ya sami wurin zama a cikin birnin Zazzau a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, inda ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta ta yara maza. Zaman bai yi wa masu sarauta daɗi ba, haka su ma Turawan mulki ba su so a taɓa alkawarin da suka yi wa sarakuna game da addini. Saboda haka aka yi ta kai da kawowa har aka ba mishan fili a bayan gari, suka kwashe kayansu suka koma Wusasa.

Mutanen da suka fara cika majami'ar ba baƙi ba ne daga Kudu. Hausawa ne da Fulani, tare da zuriyar Isawa, watau almajiran da tun kafin zuwan Turawa suke girmama Annabi Isa ƙwarai, waɗanda cutar barci ta tarwatsa ƙauyen da suka kafa a Gimi. Daga baya 'yan wasu ƙabilu na Arewa suka zo neman ilmi ko aiki suka zauna. Wannan ne ya sa Hausa ta zama harshen sujada da wa'azi da waƙa a Wusasa, balle da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller ya daɗe yana fama da shi.

Abin da ya fito da sunan Wusasa shi ne makaranta. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan wannan mishan ne, kuma da sunansa ake kiran babban asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sa'an nan ya riƙe Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983, shi ma nan ya yi karatun farko. Haka kuma Janar Yakubu Gowon, Shugaban Ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa Malam Yohanna yake aikin bishara. Da gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, sai kwalejin St. Paul ta nan ta koma Kwalejin Kufena.

Ƙafa ta biyu ta aikin ikilisiyar ita ce asibitin St. Luke. A ƙofarsa ba a tambayar mai ciwo addininsa. Mata masu naƙuda daga ƙauyukan Zazzau, Musulmi da Kirista da Maguzawa, sun shekara da shekaru suna haihuwa a can, kuma asibitin yana horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. Har wa yau akwai kwalejin St. Francis, inda ake koyar da masu niyyar aikin fastanci.

Amma nauyin yau da kullum yana wuyan talakawan ikilisiya ne, musamman Zumuntar Mata. Su ne masu gaida marasa lafiya, su ne masu girkin gidan makoki, su ne ke haɗa gudummawa in gwauruwa ta rasa kuɗin makarantar 'ya'yanta. Ranar Lahadi kuwa su ke raya sujada da tulu da caki. In kaka ta yi, manoma su kawo damman dawa da masara don godiya, abin da aka tara a yi hidimar majami'a da mabukata.

Zaman bai rasa jarrabawa ba. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya watsu har Zariya, aka ƙone majami'u da dama. Ga Bahaushe Kirista wannan ciwo biyu ne, domin sau da yawa wanda ke ɗaya ɓangaren ɗan'uwansa ne na jini, kakansu ɗaya. Duk da haka mutanen Wusasa ba su tashi ba. A 1997 aka ba su dayosis tasu, Ali Buba Lamido ya zama bishop na farko, St. Bartholomew kuma ta zama majami'ar kujerar bishop.

Abin lura a nan shi ne, ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. In damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai sami hanya, azara ta ruɓe, kuma maginan da suka iya ɗaura bakan gizo sai ƙara ƙaranci suke yi. Asibitin mishan shi ma yana bukatar magani da albashin ma'aikata, alhali yawancin masu zuwa ba su da ƙarfi. Ya kamata 'ya'yan Wusasa da ke Ikko da Abuja da Kaduna, da hukumomin adana kayan tarihi, su tuna da wannan wuri tun bango bai tsage ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Maƙwabtan da suka sha magani a St. Luke, ko 'ya'yansu suka yi karatu a gindin Kufena, su ma suna da rabo a cikin wannan gado.