Dokar kare bayanan jama'a: Nauyin da ya hau kan 'yan kasuwa da lauyoyinsu

Duk kamfanin da ke karɓar lambar waya ko hoton katin shaida ko lambar asusun banki daga abokan cinikinsa, amana ce a hannunsa, kuma yanzu doka na tambayar yadda ya riƙe ta. Tun a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dokta Vincent Olatunji. Sai dai har yanzu akwai masu kasuwanci da ke zaton dokar ta bankuna da kamfanonin sadarwa ce kawai.

Tushen dokar shi ne Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin sirri. Kafin zuwanta, ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ake amfani da ita. Yanzu kuwa doka ce ta Majalisar Tarayya, mai hukuma ta kanta da ikon bincike da cin tara.

Abin da dokar ta wajabta

Ba a karɓar bayanan mutum sai da hujjar da doka ta amince da ita, kamar yardarsa, ko cika wata yarjejeniya da shi, ko bin umarnin wata doka. Shirun mutum ba ya nufin ya yarda, kuma yana da damar janye yardarsa a duk lokacin da ya so. Bayanan da aka karɓa domin wata manufa ba a karkatar da su zuwa wata daban. Asibitin kuɗi da ya karɓi lambar majinyaci domin tuna masa ranar ganin likita, ba shi da hurumin miƙa ta ga mai tallar magani.

Dokar ta fi tsanantawa a kan bayanan da suka shafi lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zanen yatsa. Idan bayanan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, yardar iyaye ko waliyyi ake nema, abin da ya shafi makarantun kuɗi kai tsaye.

Idan aka yi wa kamfani kutse, ko bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'a 72 da gano hakan. Idan haɗarin babba ne, a sanar da mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Haka kuma, waɗanda hukumar ta ayyana a matsayin manyan masu riƙe da bayanai, dole ne su yi rajista, su kuma naɗa jami'in kare bayanai. Ma'aunin hukumar ya fara ne daga wanda ke sarrafa bayanan mutum sama da 200 cikin wata shida, adadin da ƙaramin otal ko makarantar sakandare ke iya wucewa cikin sauƙi.

Girman hukuncin

Ga manyan masu riƙe da bayanai, tarar na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Abin lura shi ne, da jimillar kuɗin shiga ake lissafin, ba da riba ba, saboda haka kamfanin da ya yi asara ma bai tsira ba.

Hukumar ta riga ta nuna da gaske take yi. A watan Agustan 2024 ta ci Bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, kodayake bankin ya musanta saɓa dokar. A watan Fabrairun 2025 ta ci Meta, mai Facebook da Instagram, tarar Dala miliyan 32.8, wanda ya ƙalubalanci hukuncin a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. A watan Yulin 2025 kuma ta ci MultiChoice sama da Naira miliyan 766, bisa laifuffukan da suka haɗa da fitar da bayanan 'yan Najeriya zuwa ƙasashen waje ba bisa ƙa'ida ba.

Inda aikin lauya ya sauya

An saba neman lauya ne bayan sammaci ya iso. Wannan doka ta dawo da aikinsa farkon lamari. Kamfanin da ya ba wani kwangilar biyan albashin ma'aikatansa ko tura saƙonnin talla, sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace yadda za a kare bayanan. Wanda ke ajiye bayanai a rumbun intanet da ke Turai ko Amurka, sai ya tabbatar da hujjar fitar da su daga ƙasar. Duk waɗannan takardu ne da lauya zai tsara tun kafin matsala ta taso.

Akwai kuma abin da ya kamata lauya ya faɗa wa shugabannin kamfani ƙarara. Idan kamfani ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar, ana ɗaukar manyan jami'ansa a matsayin masu laifi su ma, sai in sun tabbatar cewa ba da yardarsu aka yi ba, kuma sun yi bakin ƙoƙarinsu na hanawa. Wanda aka cutar ma yana iya kai ƙara kotu ya nemi diyya. Su kansu ofisoshin lauyoyi ba su fita daga dokar ba, domin fayilolinsu cike suke da sirrin jama'a.

Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai kamfani ya zauna ya rubuta irin bayanan da yake karɓa, da dalilin karɓarsu, da wurin da yake ajiye su, da waɗanda ke iya ganinsu. Abin da ba shi da amfani a goge shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan lissafi ne zai zame masa hujja ranar da hukumar ta aiko da takardar bincike.