Ɗakin Karatu a Gure Ba Na 'Yan Boko Kaɗai Ba Ne

Akwai maganar da ake yawan ji idan aka taɓo batun ɗakin karatu a gari irin Gure. Sai a ce wannan kayan 'yan boko ne, mutanen da ke fama da ƙarancin ruwa da rairayin da ke cinye gonaki ba littafi ne damuwarsu ba. Masu faɗin haka ba maƙiyan ilimi ba ne. Da yawansu dattawa ne da suka ga fari da yunwa da idonsu, kuma gaskiyarsu ce cewa manya da yawa a karkara ba sa karanta Faransanci. Amma da girmamawa nake cewa sun auna ɗakin karatu da ma'aunin da ba nasa ba.

Ƙaramin ɗakin karatu na karkara ya wuce wurin jera littattafai. Tun 1986 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara buɗe cibiyoyin da ake kira CLAC a ƙananan garuruwa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka samu. Gari ne ke ba da gini da mai kula, ƙungiyar ta kawo kaya. Ban da aron littafi, akwai jaridu, da wasannin kaifafa basira na yara, da majigi, da zauren taro. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana iya kallon majigi a kan rigakafin ƙyanda. Manomi yana iya zama a karanta masa takarda, a fassara masa da Hausa ko Barbarci.

Matsalar rairayin ma hujja ce a kan buƙatar ɗakin. Masana daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'o'in Beljiyam sun daɗe suna bincike a kan kwaruruwan yankin Gure, inda ake samun dabino da kanwa da kayan lambu, da yadda ake kafa shinge a dasa itatuwa don tsayar da tudun rairayi. Sakamakon yana rubuce da Faransanci, yana ajiye nesa da mai garka. Haka tarihin ƙasar Muniyo: Bature Heinrich Barth ya sauka Gure a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani a fadar sarkinta. Me zai hana ɗan Gure ya sami wannan a garinsu, da harshen da yake ji?

Sannan ba kowane karatu ne Faransanci ba. Wanda ya yi makarantar allo yana karanta ajami, wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana karanta Hausar boko. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai wanda ya koyi haɗa baƙi bai sami abin karantawa ba, karatun zai dushe kamar fartanyar da aka jingine ta yi tsatsa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kaɗai ta isa ta riƙe sabon makaranci watanni.

Ga kuma 'yan makaranta. Yarinyar da ke shirin jarrabawar BEPC, gidansu babu lantarki, babu littafin darasi, tana buƙatar teburi da fitila da wurin da iyayenta za su amince ta zauna. Wayar hannu ba ta ba da wannan, kuma sai an sayi kati.

Makiyayan da ke arewa wajen Taskar ma ba a rasa dabarar kai musu littattafai ba. A Kenya, a 1996 hukumar ɗakunan karatu ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garisa. Mu ma muna da raƙuma.

Ban ce a bar haƙa rijiya don a sayi littafi ba. Roƙona ga hukumomin gari shi ne su sa ɗakin karatu cikin kasafin shekara: ɗaki mai fitilar sola, ma'aikaci mai albashi wanda ke jin harsunan yankin, littattafan Hausa da Barbarci da ajami, da rana ɗaya a mako ta karatu a bayyane ga mata da manoma. Dattawan da ke shakka kuwa, a gayyace su zaman farko, su saurara, sannan su yanke hukunci.